Bijimin da Ba Ya Jin Hausa

Shekara talatin da ɗaya na yi ina ɗinki a bakin hanyar da ta gangaro daga Birni ta nufi Zango, kuma duk wanda ya san ni a Damagaram zai gaya maka abu biyu: Nomau tela ba ya ɓata yadi, sannan ba abin da zai wuce ta gaban rumfarsa bai gani ba. Na farkon har gobe ina taƙama da shi. Na biyun kuwa shi ya jawo nake ba da labarin Tanko mai ruwa, mutumin da bai taɓa yi mini komai ba in ban da cika mini randa.

Tanko ya shigo gari a bazarar 1953 da farin bijimi mai karkataccen ƙaho, yana jan amalanke da aka ɗaure wa tano biyu, wato gangunan ƙarfen nan da ake zuba ruwa. Dogo ne siriri, kullum cikin riga mai dogon hannu komai zafin rana. Ya ce shi ɗan Garagumsa ne amma ya daɗe a tafiya. Kirista ne, a lokacin da za ka iya ƙirga gidajensu a garin da yatsun hannu. Ya kama ɗaki kusa da majami'arsu, bayan shekara guda ya auri Dibora, wadda ke suyar waina a bakin kasuwa.

Wanda bai zauna a Zinder, wato Damagaram, ba bai san abin da ake kira ruwa ba. Garin dutse ne, rijiyoyin kirki suna can bayan gari, kuma abin da 'yan garuwa ke kawowa da rani sai ka bar shi ya kwana kafin ka ga gindin moɗa. Ruwan Tanko daban yake. Yakan ɗaure farin ƙyalle a bakin tano ya tace shi tun a rijiya, ranar Asabar ya wanke tanon da toka, kuma hannunsa ba ya taɓa ruwan, ta famfo yake sakinsa cikin tulu. Cikin wata uku matan unguwa suka bar kowa suka koma gare shi. Matata Hauwa ta ce ko ni ban kai shi tsabta ba, ni kuwa tun daga ranar na fara sa masa ido.

Rumfata tana daidai inda gangara ta ƙare, gidana yana bayanta, don haka nan yake tsayawa kullum da hantsi. In ya iso ba ya jan igiya, ba ya ɗaga sanda. Sai ya ce, ba ma da ƙarfi ba, "Sitof." Nan take bijimin ya kafe ƙafafu huɗu, ka ji ruwa ya bugi tano daga ciki. Na ga mutane sun gwada, don wasa. Wani ya ce masa tsaya, wani ya ce ya isa, wani da ya ɗan leƙa lakwal, makarantar boko, ya yi masa da Faransanci. Ko kunne bai kaɗa ba.

Ni dai kalmar ba ta kwanta mini ba, sai na shiga tambaya. Garba, mai jan kamiyon gyaɗa zuwa Kano, ya ce, "Kalmar Ingilishi ce, tsaya ke nan. Can an rubuta ta a allo inda hanyar mota ta ƙetare layin jirgi. Ka wuce ba ka taka birki ba, ka gamu da ɗan sanda." Suma'ila, tsohon sojan da ya yi yaƙi a rundunar Ingilishi ya dawo da ƙafa ɗaya, ya girgiza kai ya ce su a fareti ba ita ake faɗa musu ba. Ya ce, "Wannan ta inji ce, in ana son a kashe shi. Ko kuma in ka ishi bature da magana ya jefa maka ita, ka yi shiru." Na uku shi ne Mushe Amos, wato Malam Amos a bakin Faransi, na gidan waya, ɗan majami'arsu Tanko, da ya kawo ɗinkin wando. Shi dariya ya yi, ya ce ai su kullum suna rubuta ta a cikin saƙon waya, ko da na Faransanci ne, duk inda magana ta ƙare za a fara wata.

Na koma kan kekena ina juya abin. Kalmar da ke tsai da mota, ta kashe inji, ta rufe wa mutum baki, kuma ta bi waya daga ƙasa zuwa ƙasa, me ta zo yi a bakin mai sai da ruwa ɗan Garagumsa? Washegari na tare shi da fara'a.

"Malam Tanko, wai wannan sa naka a wace lakwal ya yi karatu?"

"Da ita ya tashi, tela. Na yi na yi ya koyi Hausa, ya ƙi."

"A ina ya tashi?"

"Can kudu," in ji shi, ya sunkuya ya ci gaba da sakin ruwa.

Kudu da faɗi take. Kuma ba wannan kaɗai na tara ba. Tanko bai taɓa yarda na auna shi ba. In yana son riga sai ya kawo zare da ya ƙulla a wuri uku, ya ce ga tsawo, ga faɗi, ga hannu. Ba ya ba da hannu a gaisa, ƙirji yake dafawa. Ko ƙishirwa za ta kashe shi ba ya sha da moɗar gidan kowa, da kofinsa yake yawo, ni kuwa na fassara shi da cewa ƙyamar Musulmi yake yi. Wata rana kuma dutsen gugata, cike da garwashi, ya zame daga tebur, ya cafe shi da hannun hagu ta gefen ƙarfen, ya mai da shi wurinsa bai ko ce wash ba. Sai da na ji ƙaurin fata sannan shi ma ya duba hannun, ya ɓoye shi cikin riga da sauri. Na ce a raina wannan ko asiri gare shi, ko an hore shi a inda ake horar da mutane kada su yi ƙara.

Shekara biyar ina riƙe da waɗannan abubuwa, ina shan ruwansa, ina gaishe shi da iyali. Da ba don shekarar 1958 ba, da wataƙila da su za a binne ni.

Shekarar ce ta ƙuri'ar i ko a'a, wadda aka tambaye mu ko mu zauna da Faransi ko mu rabu. Gari ya cika da raɗe-raɗi. Aka ce akwai masu son a yanke Damagaram a haɗa da Kano, aka ce Ingilishi sun cika kasuwa da 'yan leƙen asiri. Maƙwabci ya daina sakin baki gaban maƙwabci. Cikin wannan hali Ado, wani gardi, wato ɗan sandan komisariya, ya kawo mini kakinsa in ƙara masa ciki. Yana zaune a benci sai ga amalanke ta gangaro.

"Sitof," in ji Tanko.

Ado ya ɗaga gira. Bai tambaye ni komai ba, wallahi bai tambaye ni ba. Ni ne, bayan Tanko ya wuce, na tsai da keke na ce, "Ka ji ko? Shekara biyar ke nan. Kuma ba gidan da ba ya shiga a garin nan, har gidan kwamanda." Na kwashe komai na zuba masa, zaren awo, da dutsen guga, da maganar waya. Ina faɗa ina jin daɗi, kamar wanda ya daɗe da ƙaya a ƙafa aka cire masa.

Kwana biyu bayan haka suka kama shi a gaban rumfata. Ado ya haye amalanken yana hura hanci, wasu gardi biyu suka sa Tanko a tsakiya suna biye, mu kuma 'yan kallo muna bayansu. Da aka iso ƙofar komisariya Ado ya ja igiya ya yi tsawa da Faransanci. Bijimi ya ci gaba da tafiyarsa. Ya yi da Hausa, ya haɗa da ashar, har hularsa ta faɗi, sa dai ya miƙe hanyar rijiya kamar kullum. Sai Tanko, daga baya, ya faɗi kalmarsa. Amalanke ta tsaya cak, Ado ya kusa kifawa a kan ƙaho. Jama'a suka bushe da dariya, ni kuwa na juya na ce da ƙarfi, "To, kun gani da idonku."

Komiser ya ba shi kwana uku ya faɗi inda ya samo bijimin da inda ya yi shekarun da ba ya Garagumsa. In ya ƙi, duwan, wato 'yan kwastan, su karɓe sa da amalanke a matsayin kayan fasa-ƙwauri, shi kuma ya ci gaba da zama a kaso har a gama bincike. Tanko ya ce kyauta aka ba shi, daga nan ya kulle bakinsa.

A rana ta biyu da safe Dibora ta zo rumfata, goye da 'yarsu, ta durƙusa a gaban kekena.

"Malam Nomau, an ce kai ne shaida. Don Allah ka je ka ce ba ka ga komai ba."

"Ni ba na ƙarya, Dibora. In mijinki mai gaskiya ne, me ya hana shi magana?"

"Mai gaskiya ne. Har takarda gare shi, in ya nuna ta yau za su sake shi."

"To ya nuna mana."

"Ya ce gara su ɗauki san." Ta share ido da bakin zane. "Ka rufa mana asiri, malam, yadda Allah ya rufa maka."

Wani mai hankali da ya tsaya ya tambayi kansa wace irin takarda ce ke wanke mutum amma ya gwammace ya rasa abin neman abincinsa da ya nuna ta. Ni abu ɗaya kunnena ya ɗauka: akwai takarda. Ko ƙurar tafiyarta ba ta kwanta ba na rufe keke na nufi wurin Ado. Kafin azahar sun birkice ɗakin Tanko, sun same ta a naɗe cikin ƙyalle, a tsakiyar Littafinsu.

Washegari aka yi zaman a barandar komisariya, jama'a cike da fili. Aka kira ni na tsaya a gefe da sabuwar rigata. Takardar kuwa, da Ingilishi aka rubuta ta, da hatimi a ƙasa, komiser kuwa ba ya ji, sai aka aika gidan waya aka kira Mushe Amos. Ina kallon fuskarsa lokacin da yake karantawa. Ya kai tsakiya ya ɗago ya dubi Tanko, Tanko ya sunkuyar da kai. Amos ya matsa kusa da komiser ya yi ƙasa da murya, yana fassara masa da Faransanci, don kada fili ya ji. Amma Ado yana tsaye a bayansu, kuma ya tsinci Faransancin da ya ishe shi. Ya yi tsalle baya, ya yar da ƙyallen da ke hannunsa, ya goge tafinsa a kakin da na ƙara wa ciki.

"Kuturu ne! Wayyo, kuturu na taɓa!"

Ban taɓa ganin fili ya buɗe da sauri haka ba. Mutanen da suke turereniya su matso suka ja baya har bango. Komiser ya buga tebur, ya sa Amos ya faɗi takardar duka da Hausa. Amos ya faɗa: mai wannan takarda ya yi shekara bakwai a wani asibitin kutare na mishan can kudu, a ƙasar da Ingilishi ke mulka, ya sha magani, lokotoro, wato likita, ya auna shi ya tabbatar ya warke sarai, ba ya iya sa wa kowa. Ya maimaita wannan wurin har sau biyu. Ba wanda ya ji, kowa na lissafin randar gidansa.

Tanko ya naɗe hannun rigarsa, karo na farko da na ga damtsensa. Tabo ne fari-fari nan da can, busassu, ba wani abin tsoro. Ya ce wa komiser, "Mushe, ina da shekara goma sha tara aka fid da ni daga gari. Can na koyi noma da shanu. Wannan sa a gonar asibitin aka haife shi, baturen gona ne ya hore shi da harshensa. Ranar da aka sallame ni suka ba ni shi, don in ci da gumina." Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Komiser ya miƙa masa takardarsa ya ce ya tafi, ba shi da laifi.

Zaren awo, da ƙirjin da yake dafawa, da kofinsa, da hannun da bai ji wuta ba, duk abin da na tara shekara biyar gaskiya ne, ba wanda na ƙirƙira. Mutum ne da lokotoro ya ce ya warke, amma duk da haka yake kiyaye mu daga jikinsa, ni kuma na zauna ina ƙirga masa kiyayewar a matsayin laifi.

Kafin in isa gida Hauwa ta fasa randarmu a bayan gida. Ba ita kaɗai ba, ranar maginan tukwane sun yi ciniki. Washegari Tanko ya gangaro da tano cike kamar kullum, ƙofofi a rufe. Ya zaga Zango, ya zaga Birni, ya koma da ruwansa. Dibora ta yi kwana huɗu tana suya ba mai saye, ta kife tanda. Gidajen majami'arsu ne kawai suka ci gaba da karɓa, su ma na ji ba duka ba. Muka koma wa 'yan garuwa da ruwansu mai laka, muna sha muna cewa Allah ya kiyaye mu.

Bai bar gari ba, ko da yake kowa ya zaci zai bari. Ya sauke tano ɗaya ya koma ɗaukar ƙasa da dutse wa magina, da taki zuwa gonakin bayan gari, aikin da ba ya kawo rabin abin da ruwa ke kawowa. Ɗayan tanon ya bar shi don gidansa da 'yan gidajen nan. Haka ya rayu har tsufa, ya aurar da 'ya'ya biyu, kuma yawancin katangun da aka yi a Zango a shekarun nan da ƙasarsa aka yi su. Hanyar gaban rumfata kuwa ba shi da wata, dole ya bi ta kullum. Sai dai ya daina tsayawa, ya daina dubowa. Ni ma da na ji ƙarar amalanke nakan sunkuya a kan keke kamar allura ta karye.

Shekara biyu muna haka, har aka sami mulkin kai. A makon bikin na yi ta ɗinkin tuta, kowa na faɗin an zama 'yan ƙasa ɗaya, an yafe wa juna. Ni kuwa sai Tanko ya faɗo mini a rai. Wata safiya da hantsi, rumfa cike da masu jiran ɗinki, na ji amalanke ta gangaro. Na tashi na ɗauki moɗa na fita tsakar hanya.

"Malam Tanko! Tsaya!"

Bai juyo ba.

"Don Allah ka tsaya, magana ce!"

Ya wuce ni, ƙafar amalanke ta kusa taka mini yatsa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Kalmar da na kai shi kaso saboda ita, ita na ƙwala da iyakar muryata, a gaban duk unguwa. Bijimin, ya tsufa yanzu, ƙashin bayansa a waje, ya kafe ƙafafunsa huɗu.

Tanko ya sauko. Na miƙa moɗa na ce ruwa nake so. Ya dubi moɗar, ya dubi mutanen da suka fito daga rumfa suna kallo, ya murɗa famfo ya cika ta, bai bar hannunsa ya taɓa bakinta ba. Ruwan garau, ina ganin gindin moɗa. Na ɗaga ta zuwa baki, kuma in faɗi gaskiya, hannuna ya tsaya a hanya. Na san ya warke, da kunnena na ji, amma hannun ya tsaya, kuma ya gani.

"Ba sai ka sha ba, tela," in ji shi a hankali. "Ai shekara biyar ka yi kana sha."

Ya hau amalankensa ya kaɗa igiya. Na shanye ruwan tas, har yana zuba a rigata, amma lokacin ya riga ya ba ni baya.